Na ja ƙafar EN ƙasa a bodin XL6009 amma 12V na nan tana fita, ina matsalar take?

Dan_Sola24
Assalamu alaikum masana. Ga yadda haɗin yake: batirin sola 12V, sai bodin XL6009 mai ɗaga voltej da aka saita a 24V, daga nan wuta ta hau wayar PoE (wayar intanet mai ɗauke da wuta) zuwa rediyon intanet na saman rufi. Ƙaramar kwamfuta ESP32 ce ke riƙe da ƙafar EN (mai kunna IC ɗin bodin da kashe shi), nufin shi ne ta kashe rediyon daga 12 na dare zuwa 6 na safe don batir ya huta. Idan ta ja EN ƙasa 24V ɗin tana tafiya, amma maimakon sifili sai mita ta nuna 12.24V a OUT+ (fositif ɗin fita), batir kuma yana 12.62V. Fitilar rediyon ko ƙiftawa ba ta yi. An sa wani sabon bodi, abu ɗaya. IC ɗin ne jabu, ko akwai inda aka kuskure?

MaiDalma
Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka ɗaga ƙafa ta 2, wato EN, daga kan bodin kafin ka ɗaura mata waya? A wasu bodin an manne ta da VIN, layin wutar shiga. Idan haka ne 12V za ta shiga ESP32 kai tsaye, kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce 3.3V da ɗan kaɗan.

Dan_Sola24
An ɗaga ta, Malam. Idan an kashe ƙafar tana 0.02V, idan an kunna 3.3V.

Kwandansa
Cajin da ya rage a kafasita ne kawai. Sa rezista 1k tsakanin OUT+ da OUT-, za ta zuƙe shi.

Injiniya_Kwayil
IC ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma ya mutu kamar yadda ka umarce shi. Abin da ke faruwa daga tsarin kwanbata mai ɗagawa ne shi kansa. Ɗauki bodin ka bi layin tagulla da ido daga IN+ (fositif ɗin shiga). Za ka ga ya shiga kwayil, ya fita zuwa mahaɗar da ƙafar SW (ta makunnin IC) take, daga nan ya ratsa dayod ɗin nan baƙi mai rubutun SS34, ya faɗa OUT+. A duk tsawon wannan hanya babu inda IC ya tare. Makunnin da ke cikinsa yana gefe ne, tsakanin SW da GND (negatif), aikinsa ya riƙa jan kwayil ƙasa yana saki sau dubu 400 a daƙiƙa. Da ka ja EN ƙasa sai ya daina wannan jan, shi ke nan. Kwayil kuwa idan wuta ba ta kaɗawa waya ce kawai da aka naɗe, dayod kuma yana fuskantar hanyar da wuta ke so ta bi. To me zai hana batir isa OUT+?

Lissafinka ma ya faɗi amsar. 12.62 a cire 12.24, saura 0.38V. Wannan shi ne abin da dayod Schottky da wayar kwayil suka ci. Cire rediyon ka sake aunawa, za ka ga tazarar ta ragu zuwa wajen 0.15 ko 0.2V saboda babu karent mai yawa da ke wucewa.

Idan kana son tabbatarwa ba tare da batir ba: juya mita zuwa alamar dayod, jan tsinke a IN+, baƙi a OUT+, ka ɗan jira kafasita su cika. Za ta tsaya a kusa da 0.2. Ko bodi goma ka canza haka za ka gani, bodin MT3608 mai ɗagawa ma haka yake.

Injiniya_Kwayil
Malam Kwandansa, rezistar ba za ta yi aiki a nan ba. Cajin da ya rage a kafasita sauka yake yi a hankali, wannan kuwa ya tsaya cak kuma yana bin batir. Idan aka sa 1k, voltej ɗin zai ci gaba da zama 12 da ɗoriya, sai dai a ƙara wa batir nauyin 12mA idan an kashe, idan kuma an haɗa da awa 18 da yake a 24V kusan 1Ah a kwana, a banza.

Kwandansa
Na karɓi gyara, Injiniya. Ban lura cewa lambar ba ta sauka ba.

Dan_Sola24
An cire rediyon, 12.45V. Gwajin dayod kuma 0.19. Allah ya ƙara basira. Amma abin da ya ɗaure min kai, rediyon an rubuta masa 24V, ya aka yi yake aiki da 12?

Hajiyar_Lantarki
Saboda cikinsa akwai wani kwanbata mai saukarwa da ke mayar da abin da ya shigo zuwa 3.3V da makamantansu. Da yawa daga irin waɗannan rediyo suna ci gaba da aiki har ƙasa da 12V, an zaɓi 24 ne don doguwar waya kada ta cinye wutar a hanya. Kuma ka lura, tunda watt ɗin da yake buƙata bai canza ba, raguwar voltej ƙara masa jan karent take yi. Sa mita a layin batir ka auna amfiya a kunne da a kashe, ka kawo mana.

Dan_Sola24
A kunne 0.52A, a kashe 0.45A.

Hajiyar_Lantarki
To ka gani. Awa shida sau 0.45 ya ba ka 2.7Ah kowane dare da kake zaton ka adana. Abin da ka rage bai wuce asarar kwanbatan kansa ba. Shi IC ɗin idan ya mutu abin da yake ja bai kai 0.1mA ba, duk sauran rediyo ne ke sha.

BabanFis
Ku ƙara da wannan, don ya fi zancen batir muhimmanci. Waccan hanya da Injiniya ya bayyana ita ce kuma ta sa kwanbata mai ɗagawa ba ya iya kare kansa daga shot. Ruwan sama ya shiga kan wayar intanet (RJ45) a saman rufi, wayoyi suka haɗe, batir zai tura duk abin da yake da shi ta kwayil da dayod, IC na kallo ba abin da zai iya. SS34 amfiya 3 ne iyakarsa. Sa fis na 2A a wayar fositif, kusa da kan batir, ba kusa da bodi ba.

Rile_Kawai
Ni dai a ganina an tsawaita. Rile ɗaya na 12V, a yanke fositif ɗin da ke shiga bodin, magana ta ƙare.

Hajiyar_Lantarki
Zai yi, amma a yi lissafi. Ƙaramin rile na 12V kwayil ɗinsa na cin wajen 30mA. Idan ka bi ta ƙafar NO (mai haɗuwa sai an ba rile wuta) zai riƙe awa 18, 0.54Ah. Idan ka bi ta NC (mai zama a haɗe idan ba wuta) sai ya ja awa shida kawai, 0.18Ah, kuma ko ESP32 ta mutu intanet na nan. NC ɗin ya fi. Kada a manta da dayod 1N4007 a kan kwayil ɗin rile, gefen zobe na kallon fositif. Aibinsa shi ne duk lokacin da bakinsa ya haɗe, kafasita biyu da ba su da caji za su fizgi karent mai yawa lokaci guda, bakin rile yana tartsatsi yana cinyewa, wata rana ya manne.

Injiniya_Kwayil
MOSFET nau'in P (transista mai aikin makunni) a ɓangaren shiga ya fi tsafta. Kayan da ake buƙata: MOSFET IRF4905 ɗaya (ƙafafunsa S, D da G wadda ita ce ƙofa), ƙaramin transista BC547 ɗaya, rezista 100k biyu, 10k biyu.

Ƙafar S zuwa fositif ɗin batir bayan fis. Ƙafar D zuwa IN+ na bodi. 100k tsakanin G da S, ita ke riƙe shi a kashe. Daga G sai 10k zuwa kolekta na BC547, emita zuwa GND. Bes ya karɓi umarni daga ESP32 ta 10k, sannan ɗayar 100k daga bes zuwa GND.

Idan ESP32 ta ba da 3.3V, BC547 ya ja, G ya sauka ƙasa da S da kusan kashi 10 cikin 11 na voltej ɗin batir. Batir na 11.5V, ka samu 10.4V, ya buɗe sosai. Idan rana ta take, caja ta kai shi 14.4V, ka samu 13.1V, kuma iyakar IRF4905 tsakanin G da S 20V ce, akwai sarari. Juriyarsa a buɗe 0.02 ohm, a rabin amfiya ko ɗumi ba zai yi ba, ba sai an sa masa ƙarfen sanyaya ba. Ƙafar EN kuma ka mayar da ita yadda ka same ta, ba ka bukatarta yanzu.

SMD_Boy
IRF4905 don rabin amfiya? Ai kashe sauro da taɓarya ke nan. AO3401 ya isa, ƙarami ne kuma ya fi araha.

Injiniya_Kwayil
Amfiyarsa ta isa, ƙofarsa ce ba ta isa ba. AO3401 iyakar G da S ɗinsa 12V ce. Da waɗancan rezista, batir mai caji zai ba shi 13V. Idan dole shi za a sa, a mayar da 10k ɗin nan ta zama 100k don a raba biyu, ya samu 6 zuwa 7V, wanda ya ishe shi buɗewa. Na zaɓi babban ne don mai ƙarfen dalma na hannu ya fi jin daɗin ƙafafunsa.

Gwani_N
Me zai hana a yanke negatif da MOSFET nau'in N, IRLZ44N? Ba sai an sa BC547 ba.

MaiDalma
Kar ka soma. A waɗannan bodi IN- da OUT- layi ɗaya ne. Idan rediyon na da wata hanya zuwa negatif ɗin batir, ta rigar wayar intanet ko ta rauta da ke cikin gida mai shan batir ɗaya, karent zai zagaye MOSFET ɗinka ya bi ta can. Na biyu, da ka yanke negatif duk bodin zai tashi zuwa 12V, duk wata siririyar waya da ta haɗa shi da ESP32 ta zama hanyar komawa. Na uku, 3.3V ba ta buɗe IRLZ44N har ƙarshe. Fositif ake yankewa a irin wannan.

Hajiyar_Lantarki
Wani na iya cewa a sa MOSFET ɗin a ɓangaren fita. Ana yi, amma can 24V ce, ta wuce iyakar 20V ta ƙofa, sai an ƙara zena 12V tsakanin G da S. Kuma dole rezistocin da ke kai wa ƙafar FB ta IC rahoton voltej ɗin fita su kasance kafin MOSFET. Idan suna bayansa aka yanke alhali IC na aiki, FB za ta ga sifili maimakon 1.25V da take nema, IC ya yi ta turawa iya ƙarfinsa har kafasitar fita ta wuce abin da aka rubuta mata ta fashe.

Sepic_Ne
Ga wanda bai riga ya saya ba: akwai bodin XL6009 mai kwayil biyu, wanda ake tallarsa da cewa yana ɗagawa yana saukarwa. Tsarin SEPIC ne. Tsakanin SW da dayod akwai kafasita a jere, ita kuma ba ta barin wutar batir ta wuce idan babu kaɗawa, saboda haka EN kaɗai ta isa ta kai fita sifili. Yana ɗan fi asara kuma ba ya ɗaukar lodi kamar mai kwayil ɗaya, amma watt shida ba komai ba ne. Masu zana bodinsu da kansu kuma su duba LTC3122 ko TPS61023, an gina su da yanke fita idan sun mutu, sai dai na farko 15V ne iyakarsa, na biyu 5.5V, ba za su ba da 24 ba.

Abu ɗaya ga duk mai amfani da EN ta XL6009: idan aka bar ta a sake, kunne take. ESP32 ta shiga barci mai zurfi ta saki ƙafafunta, kwanbata ya farka da kansa. Sa 10k daga EN zuwa GND.

Tambaya_Ce
A yi min afuwa zan shigo da tawa, tana kama da wannan. LM2596 ne, mai saukarwa, yana ba wa na'urar GPS 5V. An ɗaga ƙafa ta 5 ana kashe shi daga ƙaramar kwamfuta Arduino. Idan ya mutu fita ba ta zuwa sifili, tana tsayawa 2.1V. Shi ma ta dayod ne?

Injiniya_Kwayil
A'a, naka daban ne. A mai saukarwa makunnin yana kan hanya tsakanin shiga da kwayil, idan ya mutu ya yanke. Da farko ka tabbata ka san ƙafa ta 5 a juye take aiki: ƙasa shi ne kunne, sai ta haura wajen 1.3V yake mutuwa. Idan wannan daidai ne, to 2.1V ɗin ta ƙofar baya take shigowa. Ƙafar TX (ta aika saƙo) ta Arduino idan ba ta aika komai a sama take zama. Wannan wutar tana shiga RX (ƙafar karɓar saƙo) na GPS, ta bi dayod ɗin kariya da ke cikin IC ɗinsa, ta hau layin wutarsa. Gwaji mai sauƙi: kwanbata na kashe, zare wayar TX. Idan lambar ta faɗi, ka kama ɓarawo. Magani, kafin ka kashe kwanbata ka rufe Serial ka mayar da TX ƙasa ko ka sake ta, sannan ka sa 1k zuwa 4.7k a jere a kan wayar. Ka duba wayoyin sadarwa SDA da SCL ma idan akwai, rezistocin da ke jan su sama suna yin irin wannan.

Tambaya_Ce
An zare TX, ta faɗi 0.1V. Na gode ƙwarai.

BabanFis
Ku riƙa tuna mita ita ma tana ruɗi. Mai kyau juriyarta megaohm 10 ce, ƙaramar DT830 megaohm 1. Yoyon da bai kai microamp ɗaya ba zai iya nuna maka volt da yawa a layin da ba lodi. Kafin ka yarda da lamba, ɗora 10k a kan tsinkayen. Ta rushe, yoyo ne ko saura. Ta tsaya, akwai hanya ta gaske.

Dan_Sola24
An haɗa na Injiniya da IRF4905. Yanzu idan an kashe 11.58V ke fita, rediyo na nan a kunne. Ko MOSFET ɗin ne ya lalace?

MaiDalma
Ɗazu tazarar 0.38 ce, yanzu ta haura 1V. Wato an samu ƙarin dayod ɗaya mai cin wajen 0.65 a hanya. Ka juya S da D, ɗan'uwa. Cikin kowane MOSFET akwai dayod tsakanin D da S, a nau'in P yana barin wuta ta bi daga D zuwa S ko ƙofa na rufe. Idan batir na kan D, ka sake gina matsalar farko ke nan. Riƙe shi rubutu na kallonka, ƙafafu ƙasa: hagu G, tsakiya D, dama S. Batir a dama, bodi a tsakiya. Ƙarfen bayansa ma D ne, kada ya taɓa akwatin ƙarfe.

Dan_Sola24
Wallahi haka ne, batir na tsakiya. An gyara. Yanzu rediyo na mutuwa nan take, karent daga batir ya koma abin da ESP32 ke ci kawai. Sai dai fita tana faɗuwa da sauri zuwa wajen 6V sannan ta riƙa rarrafe, sai ta ɗauki lokaci kafin ta kai ƙasa.

Hajiyar_Lantarki
Wannan kam shi ne na Malam Kwandansa, lokacinsa ya zo. Muddin rediyo na aiki yana zuƙar kafasita da sauri. Da voltej ya gaza masa sai kwanbatansa na ciki ya tsaya, ba mai ja sai rezistocin FB. Kuma kafasita biyu ne ke zubewa, don ta ɓangaren shiga ma tana turo nata ta kwayil da dayod. Idan 220µF ce kowacce, 440µF ke nan. Da 4.7k a kan fita, 4700 sau 0.00044 ya ba da daƙiƙa biyu, daga 6V zuwa rabin volt wajen daƙiƙa biyar. A 24V za ta ci 5mA, 0.12W, ka sa mai rabin watt don kada ta riƙa zafi cikin akwati a bazara.

Rile_Kawai
To ina amfanin? Awa shida zai yi a kashe, ko minti biyar ta ɗauka ta sauka ai ta sauka. Ita kuma rezistar awa 18 tana cin kusan 0.2Ah kullum. Kusan daidai da abin da rile ke ci ta NC.

Hajiyar_Lantarki
Don kashewar dare kaɗai, gaskiyarka. Amma idan zai yi amfani da wannan haɗin wajen sake tayar da rediyo lokacin da ya maƙale, kashewar daƙiƙa biyu ba za ta sa ya manta halin da yake ciki ba idan layin bai sauka sosai ba. Ko dai rezista, ko ya sa jira na daƙiƙa 30 a cikin shirin. Na biyun kyauta ne.

Injiniya_Kwayil
Sauran abu ɗaya da mita ba za ta nuna ba, lokacin kunnawa. MOSFET ɗin yana buɗewa cikin ƙiftawa, kafasita su fizga, layin 12V ya nutse na ɗan lokaci. Idan ESP32 na kan waya ɗaya da shi tana iya sake tashi, ta saki bes, MOSFET ya rufe, a yi ta zagaye. Sa 1µF tsakanin G da S. Buɗewa za ta ɗauki milisakan kaɗan maimakon nan take, rufewa kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta 100k. Babban MOSFET ba zai damu da wannan ɗan zafin ba. Wayar ESP32 kuma ta taso daga fis da kanta.

SMD_Boy
Tsakanin G da D ya fi daidaita hawan, Injiniya.

Injiniya_Kwayil
Ya fi, amma ranar da aka fara ɗaura batir D na sifili, kafasitar za ta ja G ƙasa ya buɗe na ɗan lokaci ba da umarni ba, sai an ƙara wata babba tsakanin G da S ta hana. Ga lodin watt shida ban ga dalilin kafasita biyu ba. Mai osiloskof ya gwada duka biyun ya kawo hoto mu gani.

BabanFis
Tunda ana zancen saura a kafasita, masu buɗe inbata da caja su ji. Can ba 24V ba ce. Wutar 230V idan aka daidaita ta tana ba da wajen 325V a kan babbar kafasita, kuma tana zama bayan an zare soket. Auna kafin hannu ya shiga, a zubar da rezista mai watt, ba da sukundireba ba.

Dan_Sola24
An sa fis 2A da 1µF, an bar rezistar zubarwa, an sa jira na daƙiƙa 30. Tambaya ta ƙarshe: an zubar da fita da 1k har ta kai 0.00V, aka cire rezistar, bayan minti ɗaya mita ta nuna 0.31V. MOSFET ne ke yoyo?

MaiDalma
Zare wayar batir gaba ɗaya ka maimaita. Idan 0.3 ɗin ta dawo, halin kafasita mai ruwa ne, takan riƙe wani caji a jikinta ta sake shi a hankali bayan an zubar. Idan ba ta dawo ba sai da batir, to yoyo ne, ka wanke ragowar man dalma tsakanin D da S da sifirit ka sake aunawa.

Sepic_Ne
Ka auna tsakanin G da S ma yana kashe. Ya kamata ta zama kusan sifili. Idan ka ga ta kai volt ɗaya ko fiye, BC547 ne bai rufe sosai ba, ka duba 100k ɗin bes ko ta zauna daidai.